Taron Jiragen Sama na Oshkosh: Waɗanne Ranaku Ya Kamata In Je?

Duk shekara, da zarar an shiga watan Mayu, saƙonni kan fara shigo mini daga 'yan uwa mazauna Amurka, da ɗalibai masu koyon tuƙin jirgi, har da waɗanda suke gida suna lissafin kuɗin hanya. Tambayar kusan iri ɗaya ce: taron na kwana bakwai ne, ni kuwa kwana biyu ko uku gare ni, waɗanne zan ɗauka? Bakina ya gaji da maimaita amsa a waya, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya.

Wai wane irin taro ne wannan, kuma yaushe ake yin sa?

Sunansa AirVenture, amma kowa Oshkosh yake ce masa, da sunan garin da ake yin sa a jihar Wisconsin, a gefen tafkin Winnebago. Ƙungiyar EAA ce ke shirya shi, wato ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage da hannunsu, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953. A Milwaukee aka fara, a 1959 aka koma Rockford a jihar Illinois, a 1970 kuma aka tare a filin jirgin sama na Wittman da ke Oshkosh, inda ake har yau.

Ƙarshen watan Yuli ake yi, daga Litinin zuwa Lahadi. A 2024 an yi daga 22 zuwa 28 ga wata, a 2025 daga 21 zuwa 27, na 2026 kuma 20 zuwa 26. Shekarar 2020 ba a yi ba saboda korona. Jirage sama da 10,000 ke sauka a Wittman da filayen da ke kewaye da shi, kuma a 2024 ƙungiyar ta ce an samu shigar mutane kimanin 686,000. A wannan makon babu hasumiyar kula da jirage a duniya da ta kai ta Oshkosh aiki.

Kwana uku kawai nake da su. Ka faɗa mini gaskiya, waɗanne?

Litinin, Talata da Laraba, kuma kada ka bar filin ranar Laraba sai an gama wasan dare. In Litinin ta gagara, Talata zuwa Alhamis.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, abu biyu ne a haɗe. Akwai wasan jirage da ake yi kullum da rana, daga wajen ƙarfe biyu da rabi zuwa yamma. Akwai kuma taruwar masu jirage, mutanen da suka tuƙo jirgensu daga Texas ko Alaska ko Kanada, suka ajiye a kan ciyawa, suka kafa tanti a ƙarƙashin fiffike. Wasan yana nan har ranar ƙarshe. Masu jiragen kuwa ba sa jira. Yawancinsu ma'aikata ne da suka ɗauki hutun 'yan kwanaki, sun iso tun Asabar ko Lahadi kafin a buɗe, kuma da safiyar Alhamis, bayan sun ga wasan daren Laraba, sai ka ji injina na tashi ta ko'ina. Daga nan filin ya fara ramewa ke nan, kullum ana raguwa.

Wanda ya san kasuwar ƙauye ya san wannan. Mai son kaya da hantsi yake zuwa. Wanda ya zo da la'asar sakaliya zai tarar da jama'a da hayaniya, amma rumfuna sun fara yin wayam.

Ba ka yi wa ƙarshen mako rashin adalci ba kuwa?

Wataƙila na yi, domin ya taɓa cuta ta. Zuwana na farko, daga Shikago muka taso ni da wani abokina da asubar Lahadin ƙarshe, tafiyar kusan awa uku a mota. A tunaninmu ranar rufewa ita ce gagarabadau, kamar yadda ake ajiye babban hawa a ƙarshe. Muka shiga, muka nufi sashen tsofaffin jirage da na daɗe ina gani a hoto. Sai ga fili fetal. Abin da ya rage shi ne hoton jiragen a ƙasa: inda kowane jirgi ya kwana mako guda ciyawar ta canza launi, kana ganin siffar fiffike da jela a shimfiɗe, ga ramukan turakun da aka ɗaure shi. Layi bayan layi haka. Wani dattijo yana naɗe igiya ya dube mu ya ce da mun zo Talata da ba mu sami wurin taka ƙafa ba. Abokina bai yi mini magana ba har muka isa wurin sayar da ruwa.

To amma adalci shi ne, Juma'a da Asabar suna da nasu. Lokacin ne jama'ar gari da na jihohin kusa suke zuwa, kuma sau da yawa a nan ake ajiye manyan wasannin soja da dogon wasan jiragen yaƙin duniya na biyu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya tsallaka teku don Lahadin ƙarshe kaɗai.

An ce mini in je tun kafin a buɗe. Me zan gani a filin da ba a buɗe ba?

Wanda ya gaya maka haka ya san Oshkosh. A wurina Asabar da Lahadin da suka gabaci buɗewa sun fi wasu ranakun cikin mako daɗi, kuma ana barin mutane su shiga da tikiti. Babu wasa, rumfunan kamfanoni ba su gama shiri ba. Abin kallo shi ne saukar jirage.

Ga yadda abin yake. Ƙananan jirage suna haɗuwa a sama wajen wani gari mai suna Ripon, kudu maso yamma da Oshkosh, su jeru ɗaya bayan ɗaya a tsayin ƙafa 1,800, da gudun da bai kai kilomita 170 a awa ba, su bi layin dogo har wani ɗan ƙauye mai suna Fisk. A can akwai masu kula da zirga-zirga zaune a waje da madubin hangen nesa. Matuƙi ba ya magana a rediyo, saurare kawai yake yi, don in kowa zai amsa ba za a ji kowa ba. Mai kula zai kira jirgi da launinsa da irinsa, ya ce farin Cessna mai jan layi, kaɗa fikafikanka. Matuƙi ya girgiza jirgin hagu da dama, alamar ya ji. Sai a faɗa masa titin da zai nufa.

A kan titin an zana manyan ɗigo-ɗigo masu launi. Za a ce wa wannan ya sauka a kan koren ɗigo, na bayansa a kan mai ruwan lemo, duk a titi ɗaya, kusan lokaci ɗaya. Na taɓa zama a bakin titin da 'yar rediyon hannu wajen awa huɗu ban sani ba. Wani ya taɓa ƙasa daidai kan ɗigonsa, muryar mai kula ta yaba masa ta yi masa barka da zuwa Oshkosh, kafin ta rufe baki ta koma kan na baya. Wani kuma ya yi tsalle uku kamar ɗan akuya, jama'ar da ke kan kujerun naɗewa suka yi ta tafi suna dariya. Masu kula da jiragen riga mai ruwan hoda suke sawa, kuma samun gurbin aiki a wannan mako abin alfahari ne a cikinsu.

A waɗannan ranaku ne kuma ake saukar ayari: masu ƙananan jirage ƙirar Bonanza su taru a wani fili su shigo tare, jirage fiye da ɗari a jere, haka masu Cessna, da masu Mooney, da masu Cherokee. In kana da kwana huɗu, ka ƙara wannan Lahadin a farko, kada ka ƙara Alhamis a ƙarshe.

Wasan dare sau biyu ake yi. Na Laraba ko na Asabar?

Na Laraba. Tsarinsu kusan ɗaya ne: jirage masu fitilu da tartsatsin wuta a fikafikai, sai a rufe da wasan wuta mai ƙarfi. Bambancin yawan jama'a ne da wahalar fita. Daren Asabar za ka iya shafe lokaci mai tsawo a wurin ajiye motoci kafin ka ga kwalta.

Akwai kuma wata dabara. In ka sa ranka a kan na Laraba ruwa ya ɓata shi, kana da sauran dama a gaba in kwanakinka sun kai. Wanda ya jira na Asabar hadari ya taso, sai baɗi.

Ka tuna rana ba ta faɗuwa a can sai wajen takwas da minti ashirin da wani abu, don haka wasan yana farawa da sauran haske, mafi kyawunsa kuma sai duhu ya shiga. Ka kai kujerarka ko tabarmarka bakin layin 'yan kallo tun bayan wasan rana.

Ni jiragen yaƙi da manyan jirage nake son gani. Shawarar ta canza?

Ta ɗan canza. Ka karkata zuwa Alhamis, Juma'a da Asabar, amma kada ka sayi tikitin jirgi sai ka duba jadawalin shekarar, saboda manyan baƙi ba sa yin mako cur. Wani ya zo kwana biyu ya tafi. Dandalin tsakiya, Boeing Plaza, kullum canza fuska yake: abin da ka gani da safe ba lallai ka same shi gobe ba.

Tarihin wurin cike yake da irin waɗannan baƙi. Concorde, jirgin fasinja mai gudu fiye da sauti, ya fara zuwa a 1985, ƙaton jirgin fasinja Airbus A380 ya zo a 2009. Ayarin Thunderbirds na sojan saman Amurka ya yi wasa a 2014, Blue Angels na sojan ruwa a 2017, kuma a 2017 ɗin ne aka ga B-29 guda biyu, jiragen jefa bom na yaƙin duniya na biyu masu suna Doc da FIFI, suna shawagi tare. Su biyun nan ne kaɗai irinsu da suka rage suna tashi. Ba kowace shekara ake samun irin waɗannan ayari ba, in kuma an samu, a ƙarshen mako aka fi sa su.

Sashen tsofaffin jiragen yaƙi yana can arewacin filin, kuma ya fi kyau da safe, lokacin da kanikawa ke buɗe injin suna gogewa, za ka iya tsayawa ka yi tambaya.

Ni ɗalibi ne mai koyon gyaran jirgi. Kallo ba shi ne damuwata ba.

To kai farkon mako ya zame maka dole. Ana yin laccoci da azuzuwan koyon aiki sama da 1,000 a makon, kuma sun fi yawa daga Litinin zuwa Alhamis ko Juma'a. Akwai na walda, na aikin fallen ƙarfe, na lulluɓe fiffike da yadi, na katako, na inji. Za a ba ka kayan aiki a hannu ka gwada, ba tare da ƙarin kuɗi a kan tikitinka ba. Da safe ake yin mafi yawa, ka je da wuri don benci kan cika. Kamfanoni ma, waɗanda sun haura 800, Litinin da Talata suke sanar da sababbin kayansu, manyan injiniyoyinsu kuma suna rumfa a lokacin. Zuwa Asabar sai ka tarar da masu raba takarda. Wurin sayar da kayan gyara na hannu shi ma kamar 'yan gwanjo yake, mai kyau ranar farko yake tafiya.

Wasu shekarun akan haɗa jirgi sukutum a cikin kwana bakwai a gaban jama'a, kowa ya zo ya buga ƙusa ɗaya ya sa hannu. An yi a 2014, an yi a 2018, an yi a 2022.

Bari in ɗan yi ratse don 'yan Kaduna. In ka shiga sashen jiragen haɗin gida za ka ga layuka na jiragen Van's RV, sun fi kowane iri yawa. Ka tsaya a gaban RV-6A ka dube shi da kyau. Shi ne tushen Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wajen guda 60 a Kaduna don sojan saman Najeriya. Ranar da na faɗa wa wani mai irinsa haka, sai da ya kira matarsa ta zo ta ji.

Da yara zan je. Yaushe ya fi?

Talata ko Laraba, kwana biyu sun isa. A 'yan shekarun nan 'yan shekara 18 zuwa ƙasa kyauta suke shiga. Akwai sashen yara mai suna KidVenture kusa da gidan tarihin EAA, gidan tarihin kuma yana da sanyi, shi ne mafaka in rana ta take. Ka saya musu abin toshe kunne tun daga gida. Ka ja musu kunne kada su taɓa jirgin kowa, kada kuma su kusanci farfela ko da injin a kashe yake. Asabar cunkoso ya yi yawa, yaro na ɓacewa cikin ƙiftawar ido.

Ruwan sama fa?

Babu ranar da za a ce maka lafiya lau ce. Yuli a Wisconsin zafi ne mai gumi, irin na Lokoja, wasu ranaku ya haura digiri 30, sai hadari ya haɗu da yamma ya zo da iska da tsawa. A 2010 ruwa ya jiƙe filin kafin a buɗe har jirage suka rasa wurin tsayawa a kan ciyawa, aka yi ta fama da taɓo. Irin wannan shekarar lissafina yakan rushe: jirage su makara, filin bai cika ba sai Talata ko Laraba.

Shi ya sa ba na son mutum ya zo kwana ɗaya tak daga nesa. Ka zo da rigar ruwa, hula mai faɗi, da takalmin da ƙafarka ta saba da shi. Akwai taragu da tarakta ke ja suna zagayawa kyauta, amma duk da haka tafiyar kilomita goma a yini ba abin mamaki ba ce. Da dare kuma sanyi kan sauko, mai kwana a tanti ya riƙe bargo.

Na zaɓi ranaku amma na rasa masauki.

Ga gaskiyar da ya kamata in fara da ita: sau da yawa masauki ne ke zaɓar maka rana. Oshkosh ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 70,000 ba. Otal-otal ɗinsa tun shekara guda kafin taro ake kama su, da tsada, wasu kuma ba sa ba da ɗaki sai ka ɗauki kwanaki da yawa. Mafita huɗu ce. Jami'ar Wisconsin reshen Oshkosh tana ba da hayar ɗakunan ɗalibai, akwai bas daga can zuwa filin, sai dai ba duka ke da na'urar sanyaya ɗaki ba. Mutanen gari suna ba da hayar ɗaki a gidajensu. Akwai garuruwan kusa, Appleton da Neenah da Fond du Lac, har Green Bay. Sai zango, Camp Scholler, inda dubban mutane ke kafa tanti, wanda sai ɗan ƙungiya ake bai wa wuri. Yin rajistar ba wuya, kuma tana rage maka kuɗin shiga.

A zangon, wanda ya riga zuwa shi ke samun kusa da ƙofa. Wasu tun makonni kafin taro suke kewaye wurinsu. In ka iso Laraba za a tura ka can ƙurya, in kuma ka iso Juma'a za ka iya dacewa da gurbin wanda ya tashi. Ɗakuna ma sukan ɗan samu daga Alhamis. Wannan ce babbar hujjar mai zuwa ƙarshen mako, kuma ba na raina ta.

Mai kwana a filin ya sani: ƙarfe bakwai na safe ana sakin wata irin guɗa ta mutanen tsaunukan Turai a lasifika don tashin jama'a. Ranar farko na ɗauka wani abu ne ya faru.

Yaya batun salla da abinci, musamman ranar Juma'a?

Wuri ba ya wuya, ciyawa ce ko'ina, ka sami gefen da babu zirga-zirga ka shimfiɗa dardumarka. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak kamar yadda jiki ya saba ba. Magariba tana faɗawa daidai farkon wasan dare, don haka ka yi alwala tun kafin ka kama wuri. Ranar Juma'a akwai masallaci a Neenah, tafiyar kusan minti ashirin a mota in hanya ta yi kyau. Ka tambayi lokacin huɗuba tun da wuri, ka kuma sa a ranka za ka iya rasa farkon wasan rana, don fita da dawowa na cin lokaci. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son Litinin zuwa Laraba.

Abinci kuwa, abin da Wisconsin ta yi suna da shi tsiren nama ne da aka cusa a hanji, yawancinsa na alade. Ka tambaya kafin ka saya. Soyayyen cuku, gasasshiyar masara, kifi da dankali suna nan. Ni dai da kilishi da dabino nake cika jaka in na samu, ruwa kuma akwai famfunan cikawa kyauta.

Daga gida zan taso, Kano ko Yamai. Me zan fara yi?

Biza, kafin komai. Dokokin shiga Amurka sun tsananta ga ƙasashenmu tun 2025, kuma suna canzawa, don haka kada ka biya kuɗin ɗaki ko tikitin da ba a mayarwa sai biza na hannunka. In ta samu, Shikago za ka sauka, daga nan mota, ko ƙaramin jirgi zuwa Appleton. Wanda ya yi wannan doguwar tafiya bai kamata ya tsaya lissafin kwana uku ba. Ya iso Asabar, ya huta gajiyar bambancin lokaci yana kallon saukar jirage ranar Lahadi, ya zauna har Alhamis ko Juma'a. Akwai rumfar baƙi 'yan ƙasashen waje, ka je ka rubuta sunan ƙasarka. Mutane daga ƙasashe sama da 90 ke zuwa, 'yan Afirka ta Kudu ma ayari guda suke yi da zangonsu.

In Yuli ba ta yi maka ba, akwai wani taron jirage mai suna Sun 'n Fun a Lakeland ta jihar Florida, a watan Afrilu. Bai kai wannan girma ba.

Kwana ɗaya tak na samu.

Laraba. Ka shiga da an buɗe ƙofa, ka fara da tsofaffin jirage da na haɗin gida kafin rana ta yi zafi, ka shiga rumfunan kamfanoni da tsakar rana, ka zauna wasan rana, ka ƙare da na dare. Sashen jirage masu sauka a ruwa da ke bakin tafki wuri ne mai inuwa da natsuwa, amma zuwa da dawowa a bas zai cinye maka rabin yini. Ka bar shi sai wani zuwan.

To Lahadin ƙarshe ba ta da wani amfani ke nan?

Tana da shi ga wanda ke kusa. Tikitinta ya fi araha, babu layi, wasan rana kuma ana yin sa da wuri a taƙaice. A ranar ne ake janye manyan jiragen da suka rage a dandalin tsakiya su tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu 'yan kasuwa kuma sukan karya farashi don kada su koma da kaya. Hular da nake sawa har yanzu a ranar na saye ta, rabin kuɗi, a wancan zuwan da abokina ya yi fushi da ni.